Ƙofar da ke Jikin Gogen Kawu

Na taɓa rubuta shafi huɗu a kan wata 'yar huda da tsawonta bai wuce na ɗan yatsa ba. Da Allah bai sa na je Lome a hutun da ya gabata ba, da yanzu shafukan nan suna cikin wata mujalla da sunana a kansu, ɗalibai suna kafa hujja da su. Na daɗe ina rubutu a nan kan kalmomi da yadda ake bin sawunsu, amma ban taɓa ba ku labarin inda ni kaina na ɓace ba. Yau ga shi.

Hudar tana jikin gogen kawuna, yayan mahaifiyata. A gidanmu na Zariya ba a ambaton goge. Mahaifina malami ne, kuma a wurinsa goge da bori da gidan giya tafiyarsu ɗaya. Idan aka tambayi mahaifiyata labarin ɗan'uwanta, sai ta ce yana sana'a a Lome, ta ja bakinta ta yi shiru. Sai da na shiga jami'a na san wace sana'a ce.

Danginta mutanen tsohon Zangon Lome ne, wanda yake tsakiyar birni, inda fatake Hausawa da sauran Musulmin arewa suka zauna tun zamanin Jamusawa suna cinikin goro da shanu. A shekarar 1977 gwamnati ta rushe zangon, aka mayar da mutanensa can arewacin gari, nesa da kasuwa da bakin teku. Michel Agier, wani Bafaranshe masanin zamantakewa, ya yi littafi a kan 'yan kasuwar wannan zango a 1983. Kawu bai bi ayari ba. Ya kama ɗaki a Kodjoviakope, unguwar bakin teku da ke manne da iyakar Gana, domin rabin bukukuwan da yake kaɗa wa goge a Aflawo ake yinsu, ƙetaren shinge. 'Yan tsirarun Hausawan da ke lungunsu har yau zango suke ce wa wurin.

Wanda bai taɓa riƙe goge ba, ga yadda yake. Rabin ƙwarya ce aka rufe bakinta da fatar guza, aka soka sanda ta ratsa ta. Tsirkiyarsa gashin wutsiyar doki ne, tana hawa kan ɗan itacen da ake kira jaki, wanda ke tsaye a kan fatar. Ana goga ta da izga bayan an shafa mata ƙaro. A gefe ɗaya na fatar akwai huda, kuma kusan ko'ina ka je zagayayya ce kamar kwabo. Haka take a kukuma, haka take a gogen Dagombawa na arewacin Gana, waɗanda Jacqueline DjeDje ta haɗa su da na Hausawa da na Fulani a littafinta na 2008. Ta gogen Kawu kuwa doguwa ce, ta lanƙwasa, kamar jinjirin watan da ya kwana uku.

A hoto na fara ganinta, wanda wani ɗan'uwa ya aiko mini. Bayan shekara biyu na je Akara taro, na ga wani saurayi a unguwar Nima da goge mai irin wannan huda. Na tambaye shi, ya ce wata ne, don albarka. Daga baya na sami hoton na uku daga Aflawo. Goge uku a garuruwa uku, ga kuma shaidar baki. Sai na zauna na gina gida a kai: na ce makaɗan zangunan bakin teku, da yake malamai sun ƙyamaci sana'arsu, sun sanya wa kayan kiɗansu alamar Musulunci don neman shiga cikin jama'a. Jimlolin sun zauna daram. Har ma, in faɗi gaskiya, na ji kamar ina wanke Kawu ne a gaban mahaifina, wanda ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Abin da ya rage shi ne in ji daga bakin mai gogen, don in sa a ƙasan shafi.

Na same shi a tabarma a ƙofar ɗaki, ya haura tamanin, idanu sun yi rauni. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka rasu bai ji ba, ya sa aka sauko da gogen daga jikin ƙusa. Na ce, “Kawu, wannan ramin na zo tambaya.”

Ya ce, “Wane rami? Dakta guda, ka ga rami a nan? Rami faɗawa ake yi cikinsa.”

Na ce to huda. Ya ce huda ɓera ke yi wa buhu. Shi ƙofa yake ce mata, tun da ta nan murya ke fita.

Ɗalibai, ku ɗan tsaya a nan, domin gyaran da ya yi mini daidai ne. Hausa ba ta da kalma ɗaya da ke ɗauke da duk wani buɗaɗɗen wuri. Rami yana da zurfi da ƙarshe, galibi a ƙasa. Kogo fanko ne a cikin dutse ko itace. Huda da huji suna ratsawa daga wannan gefe zuwa wancan, kuma suna tuna maka da aikin da aka yi, wani ya huda. Tsaga doguwa ce siririya, ko ta bango, ko ta wanzami a kumatu. Sai kafa, wadda masu koyo suke yawan rikitawa da ƙafa ta tafiya: kafa ƙaramar hanya ce da abu ke bi ya wuce, ita ce a kafar allura, jam'inta ne kuma a kafofin watsa labarai. Ƙofa ita ce babbar yayarsu, da niyya ake yinta, ana shiga ana fita. Wanda ya ce rami a jikin goge ya fassara ne daga wani harshe, ko da bai sani ba. Ni ma abin da na yi ke nan.

Ya ɗora gogen a cinya ya ja izga. Hannun yana rawa, amma sautin ya fito, mai kauri, da 'yar dusashewa irin ta muryar dattijo. Sai ya ce in toshe ƙofar da yatsuna. Na toshe, ya sake ja. Muryar ta shaƙe kamar mai magana da mura. Abin da ke faruwa shi ne, tsirkiya ita kaɗai ba ta iya motsa iska mai yawa. Tana girgiza jaki, jaki ya girgiza fata, fata ta riƙa matsa iskar da ke cikin ƙwarya tana saki. Iskar da ke daidai bakin ƙofar sai ta riƙa kai da komo, tana ƙara wa sautuka masu kauri ƙarfi. Duk yaron da ya taɓa hura bakin kwalba ya san wannan. Hermann von Helmholtz, masanin Jamus, shi ya yi bayaninsa a ƙarni na 19, har ake kiran abin da sunansa. In cikin ya yi girma sauti ya yi ƙasa, in ƙofar ta yi faɗi ya yi sama.

Na kawo maganar wata. Bai amsa ba. Ya ce in kama hannunsa mu je wurin maƙwabcinsa, akwai abin da zai nuna mini.

Maƙwabcin kafinta ne, mutumin Ewe, suna hira da Kawu da harshen Mina. A bayan rumfarsa, an lulluɓe da tsohon zane, ga wani ƙaton abin kiɗa jingine da bango, ya fi ni tsawo. Shi ne uban gogunan Turawa, wanda a Lome ake kira da sunansa na Faransanci, kwantarbas. Tsawonsa yakan kai santimita 180, a tsaye ake kaɗa shi, kuma tsirkiyarsa mafi kauri tana girgiza kimanin sau 41 kacal a daƙiƙa, sautin da ƙirji ke riga kunne ji. Ƙungiyoyin kiɗan hailaif na Gana, irin su Tempos ta E. T. Mensah, da shi suke riƙe gindin kiɗa a shekarun 1950, kafin jita mai lantarki ta karɓe masa aiki. Wannan ma na wata ƙungiya ce da ta watse, aka bar wa mahaifin kafintan a maimakon kuɗin gyara.

Wanda ya taɓa ganin bayolin ko a hoto ya san ƙofofin nan biyu masu kama da harafin f a hagu da damar jaki. Na wannan ba haka suke ba. Kowace tsaga ce miƙaƙƙiya, da zagayayyar huda a sama da ƙasa, kamar ƙashin da yara ke zanawa. Har na fara tunanin ko wata alama ce ta mutanen Ewe, na kama kaina. Kafintan ya ce gara da laima ne suka cinye allon gaban, mahaifinsa ya yi sabo. Ba shi da wuƙar yanka lanƙwasa, sai ya huda sama da ƙasa da abin huda katako, ya haɗa su da zarto.

A nan na koyi kalmomi biyu da suka biya mini kuɗin mota. Faransawa ouïe suke ce wa wannan ƙofa, kalmar da ke nufin ji, kuma take nufin tsagar gefen kan kifi da yake numfashi da ita. A cikin akwatin kuma akwai wani ɗan sanda a tsaye tsakanin allon gaba da na baya, wanda ta ƙofar ake shigar da shi a daidaita. Sunansa âme, wato rai. Mu mun ga jaki mai ɗaukar kaya a inda tsirkiya ke hawa, su sun ga kifi da rai. Larabawa kuwa babbar ƙofar udu, wadda ake yi wa sassaƙa kamar tagar masallaci, shamsiyya suke ce mata, daga sunan rana.

Ba abin mamaki ba ne a ga baƙuwar ƙofa a jikin kwantarbas. A duk dangin bayolin shi ne bai taɓa tsayawa a kan siffa ɗaya ba. Bayolin ya sami kamanninsa tun ƙarni na 16 a hannun Andrea Amati a birnin Kiremona na Italiya, kuma daga nan kowa kwaikwayo yake yi. Shi kuwa kwantarbas ruwa biyu ne. Ya gaji wasu abubuwa daga bayolin, wasu daga tsofaffin dangin biyol: kafaɗu masu gangara, bayan da sau da yawa shimfiɗaɗɗe ne, da yadda ake ɗaure tsirkiyoyinsa. Su biyol ƙofofinsu galibi siffar harafin C gare su, shi ya sa ake samun tsofaffin manyan gogunan da ke ɗauke da C. Akwai kuma ƙofa mai kama da harshen wuta, wadda aka fi sani a jikin biyola damore. Gasparo da Salò na Biresha, wanda ya rasu a 1609, yana cikin na farkon da suka yi suna da ƙera manyan, kuma tun daga zamaninsa kowane gari da girman da yake so da siffar da ya saba. Abu ne babba mai cin katako, sau da yawa na raka kiɗa ne a baya, don haka masassaƙan ƙauye da kafintoci ma sun sa hannu, kowa da kayan aikin da ya samu. Mahaifin maƙwabcin Kawu yana cikin dogon layi.

A 2015 wasu masana a jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin Nicholas Makris, suka buga bincike kan yadda wannan ƙofa ta sauya a Turai. A ƙarni na 10 zagayayya ce, kamar ta gogenmu. Ta koma rabin da'ira, ta koma C, ta ƙare a f. Suka gano cewa iska ta fi gudu a gefe-gefen ƙofa, tsakiyar ba ta aiki sosai. Saboda haka abin da ke ƙara ƙarfin sauti shi ne tsawon gefen, ko da faɗin bai ƙaru ba. Doguwar tsaga siririya tana ba da gefe mai yawa ba tare da an yanke katako da yawa ba, kuma a lissafinsu f ta kusa ninka ƙarfin zagayayya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na biyun. Sun auna ɗaruruwan bayolin na gidajen Amati da Stradivari da Guarneri, suka ga ƙofar tana ƙara tsawo sannu a hankali cikin kimanin shekara 200, da ɗan bambancin da bai wuce wanda hannu ke yi ba idan yana kwafar aikin wani. Ma'ana, wuƙa ce ke ɗan zarcewa, kunne ya ji wannan ya fi, sai a kwafi wannan ɗin. Waɗanda suka zauna suka tsara sabuwar siffa da ilmi, irin su Félix Savart da François Chanot a Faransa a farkon ƙarni na 19, sun yi bayolin masu sauƙaƙan tsagogi, amma makaɗa ba su bi su ba.

A lokacin ban haɗa wannan da Kawu ba, ko da yake na karanta binciken tun kafin in tafi. Sai da muka dawo tabarma, aka kawo koko da ƙosai, ya ce, “To, ɗan ƙanwata, ka ga na kafinta. Nawa ma haka ne.”

Shekarar da ya tare a unguwar, in ji shi, laimar teku ta hana fatar gogen tsayuwa. Kullum sai ta saki, murya ta mutu, sai ya gasa ta a kaskon wuta kafin ya fita. Wata rana da damina yana da biki a Aflawo, yana sauri, ya kai ta kusa da garwashi fiye da kima. Fatar ta ɗaure, ta tsage daga bakin ƙofar, tsagar ta tafi a karkace. Fatar guza daga arewa ake kawo ta, ba a samu a ranar. Ya ɗauki reza ya bi tsagar ya gyara gefenta, ya sa ƙusa a wuta ya ƙona ƙarshenta ya zagaye shi don kada ta ci gaba. Ya tafi biki yana addu'a. A daren nan mutane suka ce gogen ya buɗe. Da lokacin sauya fata ya yi, da hannunsa ya sake yanka irin wannan siffa.

Na ce, “To, na Nima fa, da na Aflawo?”

Ya tambayi kamannin saurayin Nima, ya yi dariya har da tari. Yaron yaronsa ne. Na Aflawo kuma shi ya ɗaura masa fatar da kansa. Garuruwa ukun da na kafa hujja da su ɗaki ɗaya ne, kuma ina zaune a ƙofarsa.

Ƙusar nan mai zafi ta daɗe tana yi mini yawo a kai, domin ita ce ta amsa tambayar da ban yi ba: me ya sa ƙofar goge ta zauna zagayayya alhali ta Turawa ta miƙe? Fata a ɗaure take, ana janta ta kowane gefe. Duk inda aka bar kusurwa mai kaifi, nan ja zai taru, nan za ta yage. Da'ira ba ta da kusurwa. Katako kuwa yana da jijiya da ke tafiya a tsaye, ana iya yanka doguwar tsaga a bi jijiyar ba tare da an raunana allon sosai ba. Duk da haka ƙofar f da zagayayyun huda take farawa take ƙarewa, kuma su ake fara hudawa kafin a sa wuƙa. Masassaƙin Kiremona da kafintan Kodjoviakope da Kawu da ƙusarsa duk sun san tsaga ba ta tsayawa sai an zagaye mata kai. Waɗanda suka bar wa goge da'ira sun san fata, kuma Kawu ya amsa cewa tasa takan riga ta sauran mutuwa. Ya zaɓi murya, ya yarda da yawan sauyi.

Ban ce saurayin Nima ƙarya ya yi mini ba. Ya gaji siffa ba tare da labarinta ba, ya dube ta ya ga wata, kuma a wurinsa wata ce. Turawa ma suna da irin wannan: akan ce ƙofar harshen wuta ta biyola damore takobin Musulunci ce, sunan ma wai daga Larabawan Magrib ya samo asali, zance mai daɗin faɗi da ake ta maimaitawa. Akwai kuma inda ado da niyya aka yi shi tun farko, kamar shamsiyyar udu. Laifina shi ne na ɗauki ma'anar da ta zo daga baya na mayar da ita sanadi, kuma na yi hakan ne don ina son ta zama gaskiya. Irin wannan muke yi da kalmomi kullum. Mu ga kalma ta yi kama da wata ta Larabci, mu ƙulla musu zumunta a take, ba mu tambayi tsohuwar da ke faɗinta ba.

Na karanta masa shafukan huɗu, don ya nema. Ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye. Da na kai inda na ce makaɗa suna neman shiga cikin jama'a, ya ɗaga hannu. Ya ce shi bai taɓa fita ba, balle ya nemi shiga. A sahun gaba yake salla tun yana saurayi, kuma limamin da ya yi wa'azi a kansa, shi ya kaɗa wa 'yarsa goge ranar da aka kai ta ɗaki, daga nesa kaɗan, don kada a ce. Sannan ya tambaye ni ko mahaifina ya taɓa ambatonsa. Na ce a'a. Ya ce, “Mutumin kirki ne. Ya riƙe mini ƙanwa da mutunci.”

Ranar da zan taho ya sa aka naɗe gogen a cikin tsohon rawani ya miƙo mini. Na ce ban iya ba. Ya ce ya sani, ba don in kaɗa ba ne, yaransa duk suna da nasu. Ya yi mini kashedi da hunturun Zariya: in sanyi ya shigo fatar za ta ɗaure fiye da yadda ta saba a bakin teku, in sassauta tsirkiya, in kwantar da jaki, in nisanta shi da rana. Na shigo da shi gida da dare. Mahaifiyata ta warware rawanin, ta daɗe tana dubansa, ta sa yatsa ta bi gefen ƙofar. Ta ce a rataye shi a ɗakinta.